Minti Ukun Malam Daidai

In ka tambayi direbobin jirgin ƙasa labarin Malam Daidai, za su ce maka a duk tsawon layin nan tasharsa ce kaɗai inda ba sa duba agogo. In ya ɗaga koriyar tuta lokaci ya yi ke nan, in na hannunka ya ce ba haka ba, to naka ne ya ɓaci. Mai sayar da tikiti, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana hangensa ta tagarta, takan ce mutum ne da ko gaisuwa ba ya yi wa ƙari, in ka ce ina kwana ya ce lafiya, shi ke nan sai gobe. Mai shayin bakin ƙofa kuwa cewa yake yi ranar da aka haifi Malam ungozoma ce ta makara, shi dai ya iso a kan lokaci. Matarsa ba ta cewa komai a gaban mutane. In an matsa mata sai ta yi murmushi ta ce zama da mai ƙa'ida sai haƙuri.

Sunan ma fasinjoji ne suka laƙa masa, ya bi shi har ofishin manya. Shekara ashirin da shida yana shugabancin wannan 'yar ƙaramar tasha, ba a taɓa miƙo masa takardar tuhuma ba, kuma wata huɗu ya rage masa ya ajiye aiki. Har an fara raɗe-raɗin za a kira shi babban ofis a karrama shi a gaban sababbin ma'aikata.

Dokar da ya fi riƙo da ita tana shafin farko na littafin aiki: jirgi ba ya tashi kafin lokacin da aka rubuta masa, ko da daƙiƙa guda, ko da babu ko kaza a dandamali. Yakan gaya wa waɗanda aka turo koyon aiki cewa jirgin da ya makara ana jiransa, a yi tsaki a hau, amma wanda ya riga lokaci babu mai kamo shi. Shi ya sa makara ake yafewa, riga lokaci kuwa yakan raba mutum da tutarsa.

Sai dai akwai abu guda da ba ya cikin littafin. Babban agogon tashar a jikin bangon ɗakin jira aka gina shi, fuska biyu inji ɗaya, fuska guda tana kallon kujerun ciki, ɗayar tana kallon layin dogo. Jirgin safe yakan iso tun bakwai da 'yan mintoci, ya tsaya a dandamali na biyu can ƙetaren layi, sai bakwai da sha biyu ya tashi. In yana tsaye fankokinsa a kashe suke, tarago sai ka ce tanda, don haka babu mai son shiga da wuri. Mutane sukan zauna a ɗakin jira da kofin shayinsu, sai lokaci ya ƙure su tashi su hau gadar sama, wadda aka rufe gefunanta da kwano, matakala talatin da biyu hawa, talatin da biyu sauka. A shekarunsa na farko Malam ya gaji da ganin tsofaffi suna sassarfa a kan matakala suna haki. Wata rana ya tsaya ya ƙirga, ya ga mai dogara sanda minti uku yake yi kafin ya ƙetare. Bai shawarci kowa ba, ya ɗauko tsani ya tura agogon gaba da minti uku.

Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida. In agogon bango ya nuna bakwai da sha biyu sai a ajiye kofi a hau gada a natse, kafin na ƙarshe ya sauko, agogon hannun Malam, wanda yake saitawa da rediyo kowace safiya, ya kai sha biyu ta gaskiya. Duk mai hawa jirgin safe ya san da wannan. Babu wanda ya taɓa rubutawa, babu wanda yake ganin abin faɗa ne. Masu duba tasha in sun zo sukan leƙa makewayi su girgiza bokitin kashe gobara, amma wa zai yi tunanin gwada agogon Malam Daidai?

Ranar Talata aka ba shi a asibitin ido, aka kuwa turo ƙanin matarsa ya riƙe masa tashar na yini guda. Auta ake ce masa har yanzu, ko da yake ya ba arba'in baya, yana da 'ya'ya huɗu. Mutum ne mai barkwanci, in ya shiga wuri sai an yi dariya, shi ya sa ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba. Ya daɗe yana aikin duba tikiti a cikin tarago, sai da ya zauna jarrabawa sau uku kafin a ba shi tuta, kuma akwai gargaɗi guda a fayil ɗinsa, na ranar da ya bar wurin aikinsa ya tafi rabon faɗa. Bai taɓa aiki a tashar mijin yayarsa ba. Da yammacin Litinin da ya zo karɓar makullai, Malam ya yi rabin awa yana yi masa huɗuba a kan takalminsa da hularsa, da inda ake tsayawa, da yadda ake riƙe tuta ba kamar mai korar ƙuda ba. Auta ya tambaye shi ko faretin soja zai jagoranta. Malam bai yi dariya ba. Maganar agogo kuwa ko a ransa ba ta zo ba, kamar yadda mai gida ba ya tuna gaya wa baƙo cewa ƙofarsa tana da tudu.

Auta ya bi littafi sau da ƙafa. Ya kulle wayarsa a durowa kamar yadda doka ta ce, ya ƙetare, ya tsaya inda aka nuna masa. Littafi ya ce agogon tasha shi ne alƙali. Da ya nuna bakwai da sha biyu ya duba dandamali ya ga wayam, ya busa usur, ya ɗaga tuta. Direba bai duba nasa ba, ai tashar Malam Daidai ce. A daidai lokacin mutum goma sha tara suna cikin gada, kwano ya tsare su. A cikinsu akwai wata tsohuwa da 'yarta take kaiwa wankin ƙoda Talata da Alhamis. Kafin su samu mota su isa an ba wani gadonta, aka dawo da ita gida ƙafafu a kumbure. 'Yar, wadda malamar makaranta ce, ta ɗauki hoton bayan jirgin daga kan matakala, wayarta na nuna bakwai da minti tara, ta rubuta ƙara kafin azahar.

Laraba da la'asar Auta ya zo gidan. Malam yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, kansa a ɗage, matarsa tana ɗiga masa maganin ido. Yau babu tsokana, babu tambayar abin da aka rage a tukunya. Ya gaishe su, ya zauna a bakin tabarma, ya ciro takardar tuhuma daga aljihun gaba ya ajiye a hannun kujera. Ya ce an dakatar da shi, an kuma ba direba gargaɗi. A amsarsa layi guda ya rubuta, cewa agogon tasha ya bi. Gobe da safe sufeto zai zo ya gwada agogon.

"Ban rubuta komai a kanka ba, Yaya," in ji shi. "Na bar maka ka faɗa da bakinka. Kai in ka faɗa, faɗa kawai za su yi maka. Ni kuwa wannan ce ta biyu."

Malam ya runtse ido, maganin yana gangaro masa a kumatu. Ya tambaye shi me ya sa bai saurari gada ba. Ya ce ma'aikacin ƙwarai da kunne yake aiki, mutum goma sha tara a kan ƙarfe ko kurma ya ji su. Auta ya ce injin jirgi yana kusa da shi, kuma babu wanda ya ce masa ya saurari komai. Can Malam ya ce Allah ya kai mu goben. Auta ya jira ko akwai ƙari, bai ji ba, ya ninke takardarsa ya yi sallama. Yayarsa ta raka shi ƙofa, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa.

Da ta dawo ta rufe kwalbar maganin, ta goge ta da gefen zane, ta mayar da ita kan tebur. Ba ta dube shi ba.

"Baban yara, minti ukun nan naka ne ko nasa?"

Ya ce mata ba a kawo maganar aiki gida. Ta ce haka ne, sai dai maganar ce ta tako da ƙafarta ta zauna a tabarmarta, kuma ita ta goya yaron nan bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta ƙara ba, ta shige ɗakin girki.

Abin da Auta bai sani ba shi ne, ba faɗa kawai za a yi wa mijin yayarsa ba. Malam ya haddace littafin, ya san shafin da ya hana taɓa agogon tasha ba da izini ba, ya san babban laifi aka kira shi. Kuma ba sau ɗaya ba ne, shekara ashirin da 'yan kai ne. Ya tuna fuskokin duk waɗanda ya tsayar a rana yana karanta musu doka. Ya hango su suna gaya wa juna cewa ashe Daidai ma agogonsa ƙarya yake yi. Yana zaune har rana ta faɗi, yana juya maganar, har ya samo mata gefen da za ta zaunu. Shi ba zai yi ƙarya ba. Ba zai ce Auta ya yi kaza ba. Zai dai mayar da agogo yadda littafi ya ce ya kasance, wannan kuwa wa zai kira shi laifi? Wataƙila ma a mayar da yaron duba tikiti kawai. Ya san ba haka ake yi wa mai gargaɗi biyu ba, amma ya ture wannan gefe.

Alhamis ƙarfe shida yana tasha, gari ya fara haske, mai tikiti ba ta zo ba, mai shayi yana can waje yana fama da risho. Ya ɗauko tsani daga bayan ofis ya jingina da bango. Yana kan mataki na uku ya ji tsanin ya daina rawa. Ya duba ƙasa, ashe tsohuwar da ke share tashar ce ta ajiye tsintsiya ta riƙe masa. Ta ce ya bi a hankali, mai ciwon ido bai kamata ya hau sama ba. Ita ba ta karanta agogo, ya sani. Ya buɗe gilashin, ya ɗora yatsa a kan doguwar allurar, ya ji sanyinta. Ya dubi na hannunsa, ya ja ta baya, ɗaya, biyu, uku. Da ya sauko tsohuwar ta yi masa sannu da aiki, ta ce shi dai ba ya hutawa. Ya ɗauki tsanin ya mayar bayan ofis.

Bakwai saura kwata sufeto ya iso a motar ofis. Matashi ne mai gilashi, wanda shekara tara da suka wuce a hannun Malam ya koyi riƙe tuta, har yanzu kuma in zai gaishe shi sai ya rage tsawo. Auta ya riga shi zuwa, kaki a goge, yana tsaye a dandamali na ɗaya hannuwa a baya. Sufeto ya fara da ba da haƙuri. Ya ce shi ma kunya yake ji, a ce an turo shi gwada agogon Baba, amma takarda ce ta ce a yi. Suka tsaya su uku a waje, ƙarƙashin fuskar da ke kallon layi. Ya ciro na'urarsa ta auna lokaci ya ɗaga, ya jira allura ta motsa, ya sake jira ta sake motsawa. Ya yi 'yar dariya ya ce ko daƙiƙa babu tsakani.

Auta ya ɗaga kai ya dubi bango. Ya ciro wayarsa ya duba, ya sake duban bango. Daga nan ya juyo da fuskarsa wajen mijin yayarsa, a hankali, kamar mai ciwon wuya. Malam yana kallon layin dogo.

Sufeto ya tambaya, don cika takarda kawai, ko agogon ya taɓa ba da matsala. Malam ya ce, "Ga shi kana gani." Sufeto ya rubuta. Ya juya ga Auta, murya ta canza, ya tambaye shi ko har yanzu yana nan a kan abin da ya rubuta. Auta ya ce abin da ya gani ya rubuta. Sufeto ya ce na'urar cikin jirgi ta ce bakwai da tara, wayar mai ƙara ta ce bakwai da tara, ga agogo kuma lafiyarsa ƙalau, to wa zai yarda da shi? Ya ba shi shawara ya amsa cewa gaggawa ya yi, wataƙila a sassauta.

Bakwai da huɗu jirgi ya shigo ya tsaya. Sufeto ya ce yana son ganin inda Auta ya tsaya ranar Talata, suka hau gada su uku, Malam a gaba da tuta a hammata. Da suka wuce tagar ɗakin jira ya ga mutane a kujeru, kofuna a hannu, ana hira, wani ya ɗago masa hannu. Bai kawo komai a ransa ba.

A dandamali na biyu mutum biyu ne kawai suka riga su. Tsohuwa mai ciwon ƙoda da 'yarta sun ƙetaro tun kafin jirgi ya zo, sun shiga tarago, sun zauna cikin zafin. 'Yar tana yi mata fifita da fayil ɗin asibiti. Fuskar tsohuwar ta hau, idanun sun ƙanƙance. Da ta hango Malam ta tagar sai ta miƙo hannu, ta ce barka da dawowa, ta tambayi idonsa, ta ce tun da ya tafi ake wahala, Allah dai ya bar musu shi. 'Yar ta nuna Auta da haɓa ta ce ga wanda ya yi musu aikin can. Uwar ta ce ta bari, kowa da ranarsa. Auta ya sunkuyar da kai ya wuce.

Malam ya je wurin tsayuwarsa. Sufeto ya ja Auta gaba kaɗan yana auna abin da ake iya hangowa daga nan. Malam ya dubi agogon hannunsa, bakwai da tara. Kunnensa ya buɗe da kansa yana jiran rugugin ƙafafu a kan gada, kamar kowace safiya. Bai ji komai ba. Ya saurara. Sai hucin inji da kukan wata kurciya a kan kwano.

Ya ɗaga ido ya dubi ƙetare. Agogon bango ma bakwai da tara yake nunawa. A ƙarƙashinsa, ta gilashin taga, ga kawunan mutane nan a zaune, babu mai niyyar tashi. Sha biyu suke jira. Duk tunanin da ya yi jiya, da duk lissafin da ya yi a kan tsani, sufeto kawai ya sa a gaba, ya manta da mutanen da ya shekara ashirin yana koya wa agogon.

Bakwai da goma. Yana iya ɗaga murya ya kira su, amma me zai ce, kuma a gaban wa? Yana iya busa usur, amma usur kafin lokaci sallamar jirgi ce, direba yana iya ja. Idon da ake ɗiga wa magani ya fara yi masa zogi.

Bai ga lokacin da Auta ya matso ba, sai dai ya ji muryarsa kusa da kafaɗarsa, ƙasa-ƙasa yadda sufeto ba zai ji ba.

"Yaya, ba su sani ba. In ruga in taso su?"

Malam ya juyo ya dube shi. Babu gatse a fuskar, babu murna. Mutumin ya gane abin da ke shirin faruwa sarai, ya san in ya yi shiru na minti biyu kawai mutanen nan za su zame masa shaidu, amma ga shi yana neman izinin ya je ya kwashe su daga idon sufeto. Kafin Malam ya amsa, sufeto ya kira Auta ya zo ya sa hannu a wata takarda, ya tafi.

Bakwai da sha ɗaya ta wuce. Direba ya leƙo ta tagarsa, yau da agogo a hannu, tun da gargaɗi ya koya masa. Allura ta hau sha biyu. Sufeto ya dawo yana gyara gilashi, ya ce bismilla Baba, lokaci ya yi, a nuna wa na baya yadda ake yi. A daidai nan gada ta fara rugugi.

Tutar tana hammatarsa, bai taɓa ta ba. Direba ya nuna masa wuyan hannu. Sufeto ya dubi gada, ya dubi na'urarsa, ya ɗaure fuska kaɗan. Rugugin yana tafe a natse, babu mai gudu, har ana jin dariyar wani a cikin kwano. Sufeto ya ce ikon Allah, mutanen nan sai da lokaci ya cika suka tashi? Sannan ya ce ba komai, Baba ya riƙe musu jirgin, shi zai rubuta cunkoson fasinja, minti biyu ko uku ba abin magana ba ne.

Suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar jinya da jakarta, tela da ɗaurin yadi a kafaɗa, 'yan kasuwa biyu suna gardama, kowa ya gaishe da Malam, kowa ya ɗauke kai daga Auta. Telan ya tsaya ya ce da ƙarfi, don a ji, yau dai mai wuri yana nan, babu mai gudu da jirgi kamar kayan sata. Aka yi dariya. Auta, wanda ba a taɓa kayar da shi a baƙar magana ba, ya matsa gefe ya ba shi hanya. Na ƙarshe wani dattijo ne mai sanda, Auta ya kama gwiwar hannunsa ya taimaka masa ya taka matakin tarago, dattijon bai ko waiwaye shi ba.

Bakwai da sha biyar Malam ya busa usur ya ɗaga tuta. Jirgi ya ja, taragai suka wuce su ɗaya-ɗaya, har ƙarar ta yi nisa. Dandamali ya koma su uku.

Sufeto ya rubuta abin da ya ce zai rubuta. Ya ce mutanen wurin nan Baba ya sangarta su, shi ya sa ba su san darajar lokaci ba, amma wannan ba ya wanke wanda ya saki jirgi da wuri. Ya rufe fayil, ya ce wa Auta ya ba shi katin aiki da usur, sauran bayani zai same shi a takarda. Auta ya ciro usur daga aljihu ya miƙa. Ya kama igiyar katin zai cire ta kai, ta maƙale a maɓallin kwala, yana ta fama da ita.

"Bar katin nan a wuyanka," in ji Malam.

Suka juyo su biyu. Malam ya ce wa sufeto ya buɗe fayil ɗinsa. Ya ce ranar Talata agogon bango yana gaba da minti uku, kuma haka yake tun kafin sufeto ya zo koyon aiki. Shi ya tura shi da hannunsa saboda gada. Mutanen da aka gani yanzu ba sakaci suka yi ba, abin da ya koya musu suka bi. Bai gaya wa Auta ba ranar da ya ba shi makullai. Yau da safe kuma, ƙarfe shida, ya hau tsani ya mayar da agogon baya don kada a gane.

Sufeto ya tsaya da biro a hannu. Ya dubi hanyar da jirgi ya bi, ya dubi ƙasa. Ya ce ƙarar jirgi ta cika masa kunne, bai ji sosai ba, kuma Baba bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ko za a bari a huta a yi maganar wani lokaci? Ya ƙara da cewa, a hankali, wata huɗu fa ya rage.

Malam ya ce ya san abin da ya rage. Ya maimaita maganar daga farko, da murya sama da ta ɗazu, har mai shara da ke ƙetare ta tsaya da tsintsiyarta. Ya ce a rubuta har da tsanin. Sufeto ya buɗe fayil, ya soke layin cunkoson fasinja, ya fara rubutu ba tare da ya ɗago ba.

Auta yana tsaye, igiyar katin har yanzu a maƙale da maɓalli. Malam ya matso gabansa. Tun ranar da ya auri yayarsa, yaron yana ɗan shekara tara, umarni da gyara kawai suke haɗa su. Auta ya ga abin da ke tafe, ya ja baya kaɗan, ya yi ƙoƙarin yin dariya ta ƙi fitowa. Ya ce Yaya ya bari, ai magana ta wuce, su je gida a ƙarasa, kada a tara musu mutane.

Malam ya girgiza kai.

"A nan na yi, a nan zan faɗa. Ka zo gidana jiya ka ba ni girmana, na kwana na tashi na zo na haƙa maka rami. Na ga abincin 'ya'yanka zai zube, na zaɓi sunana. Auta, na cuce ka. Ka yafe mini."